Yadda ake haɗa wa ƙaramin famfon dafa abin sha filogin lantarki ba tare da haɗari ba

Ƙaramin famfon nan mai kan ƙarfe ko na roba mai jure zafi, wanda ake janye ruwa mai tafasa da shi daga wata tukunya zuwa wata, ya yi suna ne a wurin masu dafa giyar sha'ir a gidajensu a Amurka da Turai, kuma da sunan famfon dafa giya ake tallarsa a intanet har yau. Amma aikinsa bai tsaya nan ba, domin duk mai dafa zoɓo ko lemun citta na sayarwa, wanda ya gaji da ciccibar tukunyar lita hamsin daga kan murhu zuwa wurin tacewa, zai same shi da amfani ƙwarai. Matsalarsa guda ce: sau da yawa yakan iso da waya tsirara, babu filogi babu makunni, ko kuma da filogin wata ƙasa wanda ba ya shiga soket ɗinmu.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da muhimmanci shi ne abin da ya faru a gidan yayata, wadda ke dafa zoɓo tana ɗurawa a robobi. Wani yaron shago ne ya haɗa mata nata famfon, ya ɗaure wayoyi biyu a filogi, ta ukun kuwa, mai launin kore da rawaya, ya datse ta ya naɗe bakinta da salatif, ya ce ba ta da wani aiki. Famfo ya yi ta juyawa lafiya har na tsawon watanni. Wata rana sai ta ce mini duk sa'ad da ta tsoma ludayin ƙarfe a tukunya tana jin wani abu yana tsikararta a yatsu. Da na kwance murfin injin, sai na tarar gefen ƙarfen da wayar ta ratsa ya goge robarta har jan ƙarfen ya fito yana taɓa jikin injin. Daga nan wutar ke bin kan famfo, ta bi ta cikin zoɓon, ta isa tukunya. Silifas ɗin roba da ke ƙafarta da busasshen siminti ne suka rage abin, da ikon Allah. Tun daga ranar na daina ɗaukar juyawar famfo a matsayin shaidar cewa an haɗa shi daidai, domin inji zai juya da wayoyi biyu kacal, alhali ta ukun ce take tsare rai.

A fara da karanta allon da ke jikin injin

Kafin a taɓa ko da sukudireba, sai a duba ɗan allon bayani da aka liƙa a jikin injin. Abu uku ake nema: ƙarfin wutar da yake so, wanda ake rubutawa da harafin V, da yawan bugawarta, wanda ake rubutawa da Hz, da kuma abin da yake ci, wanda ake rubutawa da W, wato wat, ko da A, wato amfiya. Wutar gida a Nijeriya da Ghana da Sudan bolt 230 ce mai Hz 50, ta Nijar da Kamaru da Chadi kuma ana lissafa ta a 220 mai Hz 50, saboda haka famfon da aka rubuta wa 220 zuwa 240 ya dace da dukan waɗannan ƙasashe. Wanda aka rubuta wa 110 ko 115 ko 120 kuwa na kasuwar Amurka ne, kuma idan aka sa masa filoginmu zai ƙone cikin ɗan lokaci kaɗan, wataƙila har da hayaƙi da tartsatsi. Kamfanonin March da Chugger, waɗanda suka yi suna a wannan harka, suna yin nau'i biyun duka, kuma a ido kusan kama ɗaya suke, don haka allon ne kaɗai abin dogaro.

Wanda ya riga ya sayi na 115 zai iya amfani da taransifoma mai rage wuta, sai dai ya sani cewa taransifoma ƙarfin wuta kawai take sauyawa, ba ta sauya Hz. Injin da aka yi domin Hz 60, idan ya sha ta 50, gudunsa zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma zai fi yin zafi. A ganina mayar da shi a karɓo na 230 ya fi sauƙi da kwanciyar hankali.

Idan kuma allon ya nuna 12V ko 24V tare da haruffan DC, wannan ba a haɗa shi da wutar gida kai tsaye ko kaɗan, adafta yake bukata irin ta kwamfutar cinya. Wannan bayani duka na mai shan wutar gida ne.

Tantance wayoyin nan uku

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin launin waya ba ɗaya ba ne a duniya. A tsarin da Turai da Ingila suke bi yanzu, wanda shi ne a jikin yawancin kayan da ke shigowa ƙasashenmu, mai ruwan ƙasa ita ce wayar wuta, wadda masu wayarin ke kira layif, shuɗiya ita ce nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, mai kore da rawaya kuma ita ce wayar ƙasa, wadda suke kira at. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ya cika bangayen gidajenmu, ja ce wayar wuta, baƙa ce nutural, koriya ce ta ƙasa. A tsarin Amurka kuwa baƙa ce wayar wuta, fara ce nutural, koriya ce ta ƙasa. Ke nan baƙar waya, wadda mai wayarin ɗinmu ya saba ɗauka nutural, ita ce mai wutar a kayan Amurka, kuma wanda ya bi sabo a nan zai juya haɗin ba tare da ya sani ba.

Ba na yarda da launi shi kaɗai wajen gane wayar ƙasa, musamman a famfuna marasa suna masu araha. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗauko mitar auna wuta, a juya ta zuwa wurin da take ƙara idan bakunanta biyu suka haɗu, a ɗora baki ɗaya a kan wani noti ko ƙarfen injin da babu fenti, ɗayan kuma a taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sa mita ta yi ƙara ita ce ta ƙasa, kuma dole ta kasance ita kaɗai. Sauran biyun, idan aka auna tsakaninsu, za su nuna wani adadi na om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta, daga gommai zuwa ɗaruruwa gwargwadon girman injin, wannan kuwa naɗin wayar cikin injin ne. Idan ɗaya daga cikinsu ta nuna haɗi da jikin injin, to, famfon ya zo da lahani, a mayar wa mai shi. Idan kuma jikin injin ƙarfe ne amma wayoyi biyu kawai suka fito, babu kuma alamar akwati cikin akwati a allonsa, wadda ke nuna an ninka masa rufin kariya, to, kada a ɗauka haka aka yi shi lafiya. Ya kamata ƙwararren mai wayarin ya sauya masa waya mai cibiya uku, ya ɗaure ta ukun a jikin ƙarfen da noti da washa mai haƙora.

Kayan da za a tanada

Ana bukatar filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na Ingila, wanda aka fito da tsarinsa a 1947 ƙarƙashin lambar BS 1363, kuma shi ne ya fi yawa a Nijeriya da Ghana. Sai fis na amfiya 3, ƙaramin sukudireba mai faɗin baki da mai tauraro, filaya mai yanka, abin feren waya ko reza mai kaifi, mita, makunni mai yanke wayoyi biyu tare da akwatin roba mai hana ruwa shiga, da kuma na'urar RCD ta miliamfiya 30, mai yanke wuta idan ta kauce hanya, wadda zan yi dogon bayani a kanta.

A lura da filogi sosai a kasuwa, domin jabu ya yi yawa, kuma araha ba ta ado. Na kirki yana da nauyi a hannu, ƙafafunsa tagulla ce cikakkiya, ƙafafu biyun ƙasa an rufe rabinsu na kusa da jiki da baƙar roba don kada yatsa ya taɓa wuta wajen zarewa, doguwar ƙafar sama kuwa ƙarfe ce tsantsa daga farko har ƙarshe. Wanda aka sa wa roba a jikin doguwar ƙafar jabu ne, wanda doguwar ƙafarsa duka roba ce kuma na caja ne da makamantanta, bai dace da inji mai jikin ƙarfe ba. Fis na gaskiya jikinsa farin tangaran ne cike da yashi, tsawonsa kimanin milimita 25, an rubuta masa BS 1362.

Idan wayar famfon gajera ce, abin da ya fi shi ne a sauya ta gaba ɗaya da doguwa maimakon a yi mata ƙari a tsakiya. Mai cibiya uku ta milimita 0.75 tana ɗaukar amfiya 6, ta milimita 1.0 kuma amfiya 10, kowacce ta wadatar da irin wannan inji. Mai rufin baƙar roba mai laushi, wadda ake rubuta wa H07RN-F, ta fi jure ruwa da takawa fiye da farar nan ta cikin ɗaki. A kankare zare ɗaya da reza kafin a biya kuɗi: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, to, goran ruwa ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, yana karyewa da wuri a ƙarƙashin noti, a bar shi.

Feren waya da ɗaure filogi

Duk wannan aiki ana yin sa ne a kan busasshen tebur, babu abin da ke jone da soket. A kwance babban notin tsakiya a cire murfin filogin, a ajiye shi ƙafafunsa suna kallon ƙasa, mashigar waya tana fuskantar mai aiki. A wannan zama, matsewar da ke sama, wato wurin da noti ke danne waya, mai harafin E ta wayar ƙasa ce, ta hagu mai harafin N ta nutural ce, ta dama wadda fis ke jingine da ita mai harafin L ta wayar wuta ce. A cire fis a ajiye gefe, a sassauta notuna biyu na maƙallin da ke riƙe waya a bakin filogi.

Sai a fere rigar waya ta waje kimanin santimita huɗu zuwa biyar. Hanyar da ta fi aminci ita ce a lanƙwasa wayar, a ɗan ja reza a hankali a kan gwiwar lanƙwasar har robar ta tsage da kanta, a zagaya haka, sa'an nan a zare. Kada a danna reza har ƙasa. Bayan an zare, a lanƙwasa kowace cibiya a duba da kyau a gaban haske, domin ɗan tsagin da ido bai gani ba a yau shi ne zai buɗe bayan wata shida. Idan an ga ko da ƙarzuwa ce, a datse duka a sake daga farko, asarar santimita biyar ba komai ba ce.

Daga nan a shimfiɗa wayar a cikin filogin yadda za ta zauna, rigarta ta waje ta wuce maƙalli da kaɗan, a kai kowace cibiya wurinta ta bin hanyar da aka tsaga mata, a yanke ta daidai. Ƙa'idar da ba a saɓa wa ita ce wayar wuta ta fi kowacce gajarta, babu rara a jikinta, nutural ta bi mata, ta ƙasa kuma ta fi su tsawo har ta yi ɗan lanƙwasa a ciki. Hikimar ita ce, ranar da wani ya yi tuntuɓe da wayar ya fizge ta, wayar wuta ce za ta fara ficewa, ta ƙasa kuma ita ce ta ƙarshe, ta yadda babu lokacin da injin zai kasance da wuta alhali kariyarsa ta tsinke.

A fere bakin kowace cibiya kimanin milimita shida zuwa takwas idan matsewar mai rami ce, a murza zaren da yatsu su haɗe wuri guda, kada ko ɗaya ya yanke ko ya baje. Idan wayar siririya ce ramin kuma yana da faɗi, a fere ninkin haka a naɗe bakin gida biyu don noti ya sami abin kamawa. Idan matsewar irin wadda ake naɗa waya a jikin sanda ce a ɗaure da noti daga sama, a fere ya fi haka tsawo, a naɗa ta bangaren da noti ke juyawa wajen ɗaurewa, wato yadda hannun agogo ke tafiya, don ɗaurin ya ƙara janyo ta ciki maimakon ya tofar da ita. Wasu sukan shafa wa bakin wayar dalma suna ganin ƙarin inganci ne, amma dalma tana lotsawa a hankali a ƙarƙashin noti, ɗaurin ya saki, wurin ya fara zafi. A bar jan ƙarfen yadda yake, ko a matse masa ɗan hular ƙarfe da aka yi domin haka.

A ɗaure kowane noti tamau, sa'an nan a ja kowace cibiya da yatsu a ji ko za ta motsa. Robar cibiyar ta zo har bakin matsewa, ba a ganin jan ƙarfe a waje, kuma notin bai hau kan roba ba. Daga ƙarshe a ɗaure maƙallin a kan rigar waje, ba a kan cibiyoyi masu launi ba. Filogin da ake hango launuka uku suna leƙowa daga gindinsa ba a gama haɗa shi ba, ko da yana aiki.

Fis, da abin da ba ya iya yi

Sabon filogi yakan zo da fis na amfiya 13, mai rubutu ruwan ƙasa, wanda ya dace da hita da dutsen guga. Famfonmu ba ya cin komai kusa da haka. Idan aka raba abin da yake ci da ƙarfin wuta, inji mai wat 25 a kan bolt 230 bai wuce kashi ɗaya cikin goma na amfiya da ɗan ɗoriya ba, kuma ko manyan cikinsu da wuya su wuce amfiya ɗaya da ɗan kai. Saboda haka a sa na amfiya 3, mai jan rubutu. Idan takardar kamfanin ta ce 5 saboda fizgar da inji ke yi wajen tashi, a bi ta. Idan fis ya ƙone, akwai dalili, a neme shi. Al'adar naɗe shi da zaren waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli daidai take da cire shi gaba ɗaya, haka ma cusa wayoyi tsirara a soket a tokare da tsinken ashana, wanda bai kamata a gan shi ba a ko'ina, balle a wurin da ake zubar da ruwa.

Amma kada a ɗora wa fis nauyin da ba nasa ba. Aikinsa shi ne hana waya yin zafi ta kama da wuta, ba tsare mutum ba. Jiƙaƙƙen jikin mutum daga hannu zuwa ƙafa yakan kai kimanin om 1000, wanda ke nufin bolt 230 za ta tura masa kusan miliamfiya 230. Tun daga wajen miliamfiya 10 zuwa 15 hannu kan ƙanƙame ya kasa sakin abin da ya riƙe, daga wajen 50 zuwa sama kuma bugun zuciya na iya rikicewa. Fis na amfiya 3, wato miliamfiya 3000, ba zai ma san ana yi ba.

RCD da ƙasar soket

Wannan giɓin ne RCD ke cikewa. Tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, idan ta ga bambancin da ya kai miliamfiya 30, sai ta gane wutar ta sami wata hanya, ko ta jikin inji ko ta jikin mutum, ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa, idan zubar ta yi yawa kuma cikin kimanin kashi 40 cikin 1000 na daƙiƙa. Ba ɗaya take da bireka ta yau da kullum da ke cikin akwatin wutar gida ba, wadda aikinta irin na fis ne. Alamar RCD ita ce maɓallin gwaji mai harafin T da rubutun 30mA. Akwai wadda ake sawa a akwatin gida, akwai soket mai ɗauke da ita, akwai kuma ƙarama da ake tokarawa a soket sa'an nan a sa filogin famfo a jikinta, wadda ita ce ta fi sauƙi ga mai haya. A danna maɓallin gwajin kafin kowace dahuwa, idan ba ta yanke ba, ba a kunna famfo a ranar.

Akwai wani abu da ya fi damuna, wato gidaje da yawa da soket ɗinsu mai rami uku ne amma babu wata waya a bayan ramin sama. A irin wannan gida duk ƙoƙarin da aka yi a cikin filogi ya tsaya a bango. Ana sayar da ɗan abin gwajin soket mai fitilu uku wanda ke nuna ko akwai ƙasa, da kuma ko an juya layif da nutural, kuma ya cancanci kuɗinsa. Idan ya nuna babu, aikin ya wuce na mai gida, sai a kira mai wayarin da ya san aikinsa, a Nijeriya wanda ke da shaidar hukumar kula da ayyukan lantarki ta NEMSA, ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya ja waya zuwa soket ɗin.

Ko an kafa sandar, ba ta ɗauke bukatar RCD. Ƙasarmu ta arewa tana bushewa ƙayau da rani, sandar da ta yi kyau da damina sai ta yi rauni a watan Maris. A ɗauka ƙarfin tarewarta ya kai om 100: idan layif ta taɓa jikin inji, wutar da za ta bi ta ƙasa amfiya 2.3 ce kawai, fis na amfiya 3 ba zai ƙone ba, tukunya kuma za ta zauna da wuta tana jiran hannu. RCD kuwa za ta yanke nan take, tun kafin kowa ya taɓa. Shi ya sa nake cewa su biyun tare suke aiki, wayar ƙasa ta ba wutar hanyar gudu, RCD ta ji gudun ta rufe.

Mai aiki da ƙaramin janareto ko inbata ya ƙara kula. Da yawa daga cikin ƙananan janareto ba a haɗa nutural ɗinsu da ƙasa ba, shi ya sa tasta kan kama a ramuka biyun duka, kuma a irin wannan hali RCD ba lallai ta ji lahanin farko ba. Mai wayarin ne zai duba wannan ya gyara haɗin a wurin canjin wuta. Inbata mai araha wadda wutarta ba sumul take ba kuma takan sa inji gurnani da zafi.

Makunni

Yawancin waɗannan famfuna ba su da makunni, kuma zare filogi da jiƙaƙƙen hannu sau goma a dahuwa ɗaya ba dabara ba ce. A sa makunni a tsakiyar waya, cikin akwatin roba mai lambar IP65 ko IP66, wanda wayar ke shiga da fita ta matsatsun bakuna masu zoben roba, su kuma bakunan su kalli ƙasa. A zaɓi mai yanke layif da nutural tare, domin idan an juya wayoyin soket, makunni mai yanke guda ɗaya zai tsayar da injin amma ya bar wuta kwance a cikinsa. Wayar ƙasa ba ta bi ta makunni ko kaɗan, ana haɗa bakinta biyu kai tsaye da matsewa mai noti a cikin akwatin. Kada a yi amfani da abin rage hasken fitila ko regileta ta fanka don rage gudun ruwa, wannan ƙona injin yake yi.

Wannan makunni ya fi zama dole a Nijar da Kamaru da Chadi, inda filogi mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa da Jamus ya fi yawa. Shi ba shi da fis a ciki, kuma ba a da tabbacin wane rami ne ke ɗauke da wuta. A can a sayi mai mahaɗin ƙasa, wato mai ramin da sandar soket ke shiga ko mai ƙarafa a gefe, ba siririn nan mai ƙafa biyu ba, a kuma ƙara ɗan gidan fis a cikin akwatin makunni.

Gwaji kafin a ba shi wuta

Bayan an rufe filogi da akwati, a sake ɗauko mita, famfo bai taɓa soket ba tukuna. Daga doguwar ƙafar filogi zuwa ƙarfen injin, da kuma zuwa kan famfon idan na ƙarfe ne, ya kamata a ga ƙasa da rabin om bayan an cire abin da wayoyin mitar kansu ke nunawa. Ana cikin aunawa a riƙa motsa wayar a gindin filogi da gindin inji, idan adadin yana tsalle, akwai sakakken ɗauri. Daga doguwar ƙafa zuwa kowace ɗaya daga gajerun biyu kada a ga haɗi sam. Tsakanin gajerun biyu, idan makunni na kunne a ga adadin naɗin injin da aka gani da farko, idan an kashe kuma ya ɓace.

Zaunar da famfo da kunnawar farko

Irin wannan famfo maganaɗisu ne ke juya farfelarsa, ruwan da ke ratsawa kuma shi ke sanyaya ta, saboda haka ba ya son juyawa a bushe, kuma ba ya iya tsotso ruwa daga ƙasa da kansa. Dole a zaunar da shi ƙasa da gindin tukunya don ruwa ya gangaro ya cika shi. Wannan kuwa yana nufin yana zaune daidai inda tafasa ke zuba, alhali injin nasa yana da ramukan shan iska, ba a rufe yake ba. A ɗaure shi a kan katako ko benci da ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, a gefe ba a ƙarƙashin bakin tukunya ba, a kifa masa rumfar roba ko ta kwano daga sama, a bar gefuna a buɗe don iska. Wayar ta bi nesa da murhu da jikin tukunya, kada ta kwanta a inda ruwa ke taruwa, kuma a bar ta ta ɗan yi lilo ƙasa kafin ta hau zuwa soket ko ta shiga inji, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a gindin lilon. Soket ɗin ya kasance sama da tsayin tukunya, a wurin da tururi ba ya bugawa.

Gwajin farko da ruwan sanyi ake yi. A buɗe bawul ɗin tukunya gaba ɗaya har ruwa ya cika tiyo da kan famfo ya kore iska, a goge hannu, a sa takalmin roba, a danna gwajin RCD a mayar da ita, sa'an nan a kunna. Idan ana son rage gudu, bawul ɗin da ke bakin fita ake matsewa, na shiga a bar shi a buɗe koyaushe. A bar shi ya yi minti goma sha biyar, a kashe, a zare filogi a taɓa ƙafafunsa: ɗumi a nan alamar sakakken noti ne ko soket da ya gaji. Ranar da wuta ta zo da rauni, fitila tana ja, injin zai yi ta ƙugi yana zafi ba ya jan ruwa sosai, gara a kashe ko a bi da shi ta sitabilaiza. Idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki, a kashe makunni nan take, don kada ta dawo famfo ya tashi a bushe babu kowa a kusa.

Idan RCD ta yanke ana tsakiyar dahuwa, kada a cire ta a jona kai tsaye don a ƙarasa aiki, a zare filogi a nemi inda ruwa ya shiga. Idan kuma, Allah ya kiyaye, wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu, a kashe daga soket ko akwatin gida, in hakan ya gagara a ture shi da busasshen katako, sa'an nan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin rikicewar zuciya na iya biyowa baya.

Wajen wanki, a zare filogi daga bango a ajiye shi inda ido ke ganinsa, kashe makunni kaɗai bai isa ba, haka nan rashin hasken tasta. Kan famfon ake kwancewa a wanke, injin kuwa da ɗan tsumma mai laima ake goge shi. Sau ɗaya a wata a bi wayar da yatsu daga filogi har zuwa inji ana neman tsagewa, ko taurin da zafi ke jawowa, ko cizon ɓera, wanda zaƙin zoɓo da ya bushe a jikin roba ke janyowa. A duba musamman wurin da ta ratsa ƙarfen injin, a tabbata zoben robar da ke kare ta yana nan, sa'an nan a buɗe filogi a sake ɗaure notunan uku, a maimaita awon doguwar ƙafa zuwa jikin inji. Wayar da aka samu da rauni a sauya ta gaba ɗaya, kada a naɗe da salatif, domin tururi yana sakin gam ɗinsa cikin 'yan kwanaki.